Ina Muka Tsaya? Zaɓi Tsakanin Tambayar Fayil da Ƙirga Bayit da Hannunka

Wata Laraba da la'asar, cikin zafin watan Afrilu, aka ɗauke wuta a ofishinmu da ke kusa da Ƙofar Ƙaura, batirin infata kuma bai yi minti goma ba shi ma ya kwanta. A lokacin kwamfutar tebur tana tsaka da kwashe wani ƙaton fayil na CSV, wato tebur da aka rubuta layi-layi ana raba bayanai da waƙafi, zuwa rumbun bayanai. Rajistar manoma ce ta wata ƙungiya da muke yi wa aiki: sunan manomi, ƙauyensa, buhun taki nawa ya karɓa, nawa ake bin sa. Ɗalibin da ke zaman koyon aiki a wurinmu, wanda shi ya rubuta manhajar, ya ce da ni, "Malam, kada ka damu, na sa ta tana ajiye inda ta tsaya. Da an kawo wuta za ta ɗora."

Bayan magariba aka kawo, ta kuwa ɗora. Sai dai layin farko da ta ɗauko guntu ne, sunan mutum babu kansa, kuma da muka duba rumbun washegari sai ga manoma da dama sun fito sau biyu, bashin kowanne ya ninka. Da an buga wannan takarda an kai ƙauye, da sai an yi zaman sulhu a ƙofar mai gari.

Yaron bai yi lalaci ba. Ya san ana bukatar riƙe gurbin karatu, ya kuma riƙe. Abin da ya riƙe ne ba shi ba ne. Saboda haka na ga ya dace in jera hanyoyin da ake bi, in faɗi inda kowacce take da ƙarfi da inda take yaudara, don wanda zai rubuta irin wannan manhaja ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Fayil a kan faifai jerin bayit ne kawai, wato ƙananan ƙwayoyin da kwamfuta ke auna bayanai da su, na farko lambarsa 0. Gurbin karatu kuwa lamba ɗaya ce: bayit nawa ne tsakanin farkon fayil da wanda za a karanta nan gaba. Rikicin yana zuwa ne daga cewa ba mutum ɗaya ke karatun ba. Ka ɗauki gidan da ake sayen ruwa. Ɗan garuwa yana zuwa ya juye jarka guda a randa, mutanen gida kuma suna ɗiba da moɗa kaɗan-kaɗan. Babbar manhajar kwamfuta, Linux ko Windows, ita ce ɗan garuwa. Ba ta son a riƙa kiranta saboda moɗa ɗaya, don haka takan kawo bayit dubbai a tafiya guda. Randa ita ce ma'ajiyar da yaren da kake rubutu da shi ya tanada. Kai kuma kana ɗibar layi ɗaya-ɗaya. In ka tambayi ɗan garuwa ruwa nawa gidan nan ya sha, lissafin abin da ya zuba zai ba ka, alhali rabinsa yana nan kwance a randa. A kan wannan kuma akwai mataki na uku, mai fassara bayit zuwa haruffa, wanda shi ma yana canja lissafi. Kusan duk kuskuren da na taɓa gani a wannan fage, ko dai an tambayi ɗan garuwa ne, ko an ƙirga haruffa an ɗauka bayit ne.

Hanya ta farko: tambayi fayil

Kowane yare yana da hanyar tambayar fayil inda yake. A C akwai ftell da fseek, a Python akwai tell da seek, a C++ akwai tellg da seekg. Wannan ce hanya mafi gajarta, kuma a wasu wurare ita ce daidai ba tare da wani ƙari ba. A C, ftell ta san da randa, tana cire abin da ba ka ɗiba ba kafin ta ba ka amsa. Haka Python idan ka buɗe fayil a ɗanyensa, wato da "rb": lambar da tell ta ba ka bayit ne na gaskiya, ko da kana cikin zagayen karanta layuka.

Da zarar ka buɗe fayil a matsayin rubutu, labari ya canja. A Python 3, lambar da tell ke bayarwa a wannan yanayi ba alƙawarin bayit ba ce. Tamkar tikitin ajiyar kaya ce: amfaninta kawai ka mayar wa seek ta kai ka inda kake, domin an cusa halin da mai fassarar haruffa yake ciki a cikinta. Wani lokaci ta yi daidai da bayit, wani lokaci ta fito wata ƙatuwar lamba da ta fi girman fayil ɗin nesa ba kusa ba. Wanda ya raba ta da girman fayil don ya nuna kashi nawa cikin ɗari aka yi, kallon kitse yake yi wa rogo. Sannan in kana bin layuka da zagayen for, ka kira tell a tsakiya, Python 3 za ta ƙi, ta jefo maka saƙon kuskure mai suna OSError. Ni ina ganin wannan ƙin alheri ne, domin Python 2, wadda aka daina tallafa wa a farkon 2020, ba ta ƙi. Amsar ɗan garuwa take ba ka ta yi shiru. Ana iya kauce wa ƙin ta hanyar kiran readline da hannu, amma tell a yanayin rubutu tana da nauyi, in ka kira ta a kowane layi na fayil mai miliyoyin layuka za ka ji a jikinka.

A Java da C# da Go tarkon ya fi zurfi, saboda a can randa daban take, fayil daban, kai ne kake haɗa su. BufferedReader na Java ba shi da wata hanyar faɗin gurbi kwata-kwata. Sai mutum ya zagaya ta baya ya tambayi fayil ɗin da ke ƙarƙashi, ya samu lamba mai kyau, ya ajiye. Randar BufferedReader haruffa 8192 take ci in ba ka canja ba, don haka bayan ka karanta layi ɗaya tak, fayil na ƙasa zai ce ya yi nisan dubban bayit. StreamReader na C# haka yake da BaseStream.Position, kuma in ka matsar da fayil na ƙasa ba ka kira DiscardBufferedData ba, tsohon ruwan randa za a ci gaba da ba ka. Go ta ɗan yi adalci: bufio.Reader, mai randar bayit 4096, yana da Buffered da ke gaya maka nawa ya rage a ciki, sai ka cire daga gurbin fayil ka samu gaskiya.

A lura da bambancin kurakuran nan biyu, domin shi ne ya fi komai tasiri a zaɓina. Kuskuren ɗalibinmu ya mayar da shi baya, ya maimaita aiki, kuma maimaici yana da hayaniya: ana ganin suna sau biyu. Kuskuren tambayar ɗan garuwa gaba yake tura ka. Duk layukan da ke cikin randa lokacin da wuta ta ɗauke sun tafi ke nan, babu saƙon kuskure, babu alama. Manomi ya biya kuɗinsa, sunansa ba ya cikin rumbu, ba wanda zai sani sai ranar da ya zo da rasit a hannu.

Akwai wasu ƙananan ramuka da zan ambata in wuce. ftell tana mayar da amsa a nau'in long, kuma a Windows long bit 32 ne ko da kwamfutar mai bit 64 ce, don haka iyakarta 2,147,483,647, kusan gigabayit 2. Fayil ya wuce nan sai ka koma _ftelli64 a Windows ko ftello a Linux da Mac. fgetpos da fsetpos, waɗanda suke cikin ƙa'idar C tun 1989, ba su da wannan matsala, amma abin da suke ba ka rufaffen ƙunshi ne, ba lambar da za ka yi lissafi da ita ba, kuma bai kamata ka rubuta shi a faifai ka kai wata kwamfuta ba. A C++, tellg tana ba da -1 idan magudanar, wato buɗaɗɗen fayil ɗin da kake karantawa, ta riga ta shiga halin kuskure, abin da ke faruwa da zarar ka yi yunƙurin karatu bayan ƙarshen fayil; sai ka kira clear tukuna. Sannan duk wannan iyali ba sa aiki a kan bututu ko haɗin intanet. Abin da ke kwararowa daga wata manhaja ba shi da baya da za a koma.

RandomAccessFile na Java ya cancanci magana ta musamman, saboda yakan ja hankalin masu koyo: yana da getFilePointer mai faɗin gaskiya, yana da seek, har da readLine. Amma ba shi da randa, don haka yana tafiyar hawainiya, kuma readLine ɗinsa kowane bayit harafi guda yake ɗaukarsa. Ga mai rubutun Turanci zalla babu damuwa. Ga mu kuwa, ƙ za ta tarwatse ta zama Æ da wani tarkace. Duk wanda ya taɓa ganin "Æ™asa" a shafin intanet inda ake nufin ƙasa, ya ga irin wannan ɓarna.

Hanya ta biyu: riƙe carbinka

A nan ba ka tambayar kowa. Ka buɗe fayil a ɗanyensa, duk abin da ka ɗiba ka ƙara tsawonsa a kan wata lamba da kake riƙe da ita, kamar mai jan carbi. Wannan ita ce hanyar da ɗalibinmu ya bi, kuma ita ce wadda nake so, shi ya sa zan daɗe a kan yadda ake ɓata ta.

Shi ya buɗe fayil a matsayin rubutu, ya riƙa tara tsawon kowane layi. Tsawon layi a wannan yanayi adadin haruffa ne. A tsarin UTF-8 na mayar da haruffa bayit, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992 kuma yau shi ne ya mamaye intanet, haruffan Turanci bayit ɗaya-ɗaya suke ci, amma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana, bayit biyu-biyu ne. A yadda ake rubuta lambobin bayit, ƙaramar ƙ ita ce C6 99, ɗ kuma C9 97. Saboda haka "Ƙofar Ƙaura" haruffa 11 ne har da tazarar tsakiya, amma bayit 13. "Ƙanƙara" haruffa 7, bayit 9. Alamar naira, ₦, ita kaɗai bayit 3 take ci, haka lanƙwasasshiyar waƙafin sama da Word ke sakawa a kalmomi irin su 'ya'ya. Yawancin haruffan ajami bayit biyu-biyu ne, fuskokin dariya na WhatsApp kuwa huɗu. Rajistar manoman Katsina cike take da Ɗanladi da Ɗanjuma da Ɗanmusa da Ɗanja. Kowane ɗaya yana sace bayit guda daga lissafi, ba a kuma mayarwa.

Ɓarawo na biyu shi ne ƙarshen layi. Fayil ɗin da aka yi a Windows kowane layinsa da bayit biyu yake ƙarewa, 0D da 0A, na Linux da Mac na yanzu kuwa da 0A kaɗai. Python a yanayin rubutu tana mayar da biyun su zama ɗaya kafin ta miƙo maka. readLine na Java da ReadLine na C# da Scanner na Go su kuma cire ƙarshen suke yi gaba ɗaya, su bar ka da canke: in ƙara 1 ko 2? A ce fayil yana da layi miliyan 1 daga Windows, kai kuma kana ƙara 1. Kafin ka kai ƙarshe ka yi ɓatan bayit miliyan 1, layuka dubbai ke nan. Na uku ƙarami ne amma yana nan: idan aka adana daga Excel a matsayin CSV na UTF-8, akan saka bayit uku a farkon fayil, EF BB BF, waɗanda ido ba ya gani, mai fassara kuma yana iya haɗiye su bai gaya maka ba.

Duk waɗannan ɓarayi hanya ɗaya suke ja, wato baya, shi ya sa muka samu maimaici. Da gurbin ya faɗa tsakanin C6 da 99, da ko karatun ba zai fara ba, Python za ta tsaya da UnicodeDecodeError. Da hakan ta faru ma da ya fi mana, don da mun gane tun daren.

Maganin duka guda ne: a ƙirga kafin a fassara.

```
with open(suna, "rb") as f:
    f.seek(gurbi)
    for danye in f:
        layi = danye.decode("utf-8")
        sarrafa(layi)
        gurbi += len(danye)
```

Tsawon ɗanyen layi bayit ne, har da ƙarshensa ko ɗaya ne ko biyu, har da kowace ƙ da kowace ₦. Ba ruwanka da girman randa, domin abin da ya shigo moɗarka kawai kake ƙirgawa. Wannan tsari ɗaya ne a kowane yare: a Go ka yi amfani da ReadBytes wadda ke barin ƙarshen layi a jikinsa, a Java ka ɗora randa a kan ɗanyen bayit ka yanka layukan da kanka. Yana kuma aiki inda tell ba ta aiki, kamar abin da ke zuwa ta intanet. Hasali ma haka ake ci gaba da saukar da fayil bayan data ta yanke: manhajar saukar da fayil ta wget da alamar -c tana duba bayit nawa ta riga ta samu, ta aika wa sabar buƙatar Range daga wannan lamba, sabar ta amsa da lambar 206 ta turo ragowar.

Rauninta ladabi take bukata. Ranar da wani ya zo ya ƙara karatu a wani lungu na manhajar, misali ya leƙa layin kanun fayil bai ƙara a carbi ba, lissafi ya karkace har abada. Don haka nake tattara karatu da ƙirga a wuri ɗaya, aji guda ko aiki guda, in hana kowa taɓa fayil ɗin ta wata ƙofa. A lokacin gwaji kuma nakan sa manhajar ta riƙa kwatanta carbina da tell bayan kowane layi dubu. In sun saɓa ta tsaya.

Wani zai ce, in dai a ɗanye aka buɗe, ai tell ta Python ma gaskiya take faɗa, mene ne na wahalar ƙirga? Gaskiya ne, kuma in manhajarka ƙarama ce, Python ce, fayil ne a faifai, yi amfani da tell ka huta. Fifikon carbi yana fitowa ne idan akwai wani abu tsakaninka da fayil. CSV misali ne mai kyau. Layi ba lallai ya zama rikodi, wato bayanin manomi guda, ba: in akwai adireshi a cikin alamar zance mai ɗauke da sabon layi, rikodi ɗaya zai ci layi biyu ko uku. Gurbin da ya dace a ajiye shi ne ƙarshen rikodi. A Python nakan rubuta ɗan aiki mai karanta ɗanyen layi, ya ƙirga, ya fassara, ya miƙa wa csv.reader, shi kuma ba ya jan layi fiye da abin da rikodin ke bukata, don haka duk lokacin da ya miƙo rikodi, carbin yana daidai kan iyaka.

Lambar layi, da karatu ba tare da gurbi ba

Hanya ta uku ita ce ta masu cewa a bar bayit, a ajiye lambar layi kawai: mun tsaya a layi na 40,000, in an dawo a tsallake 40,000 a ci gaba. Ban raina wannan ba. Ba ta san ƙ ba, ba ta san Windows ba, kuma mutum yana iya buɗe fayil ya duba da idonsa. Kuɗinta shi ne sake bin fayil daga farko a kowace dawowa. Ga fayil mai megabayit 50 wannan ƙiftawar ido ne, kuma ita zan ba mai koyo shawara. Ga mai gigabayit 20 a kan tsohon faifai mai juyawa, a garin da wuta ke zuwa tana komawa, za ka iya ƙare rabin lokacin wutar kana tsallake abin da ka riga ka yi. Wuri ɗaya da take daidai da kowa shi ne fayil ɗin da aka matse da gzip don rage girmansa, domin a can ko seek ka kira, sai an warware matsin tun daga farko kafin a iso inda kake so. Ni nakan ajiye duka biyun: bayit don na'ura, lambar layi don saƙon kuskure da ɗan Adam zai karanta.

Ta huɗu ta bambanta da sauran a tunani. Maimakon fayil ya riƙe gurbi, kowane karatu kai ne kake faɗin daga ina, guda nawa. A Linux sunanta pread, a Go ReadAt, a Java FileChannel yana da read mai karɓar gurbi; babu ɗayansu da ke motsa gurbin fayil. Amfaninta yana bayyana idan ma'aikata da yawa suna karatu lokaci guda. A Linux gurbin yana jikin buɗaɗɗen fayil ne, kuma bayan fork, wato idan manhaja ta haifi kwafin kanta, uwa da ɗa gurbi ɗaya suke rabawa; wannan ya yi seek, kafin ya karanta wancan ya matsar, kamar mutum biyu suna karatu da yatsa ɗaya. Da pread wannan faɗa bai taso ba. Haka rumbunan bayanai suke yi: SQLite tana yanka fayil ɗinta shafi-shafi, bayit 4096 kowanne in ba a canja ba, don haka wurin kowane shafi lissafin ninkawa ne kawai. In rikodinka duk tsawonsu ɗaya, ko kana so ka raba ƙaton fayil gida huɗu kowane ma'aikaci ya ɗauki kaso, wannan ce hanyarka. A rabon fayil ɗin rubutu, kowane ma'aikaci ban da na farko sai ya tsallake zuwa 0A na gaba kafin ya fara, ya kuma ƙarasa layin da ya haura iyakarsa. UTF-8 ta sauƙaƙa wannan domin bayit 0A ba ya taɓa fitowa a cikin wani harafi. Amma don bin layuka ɗaya bayan ɗaya, pread wahala ce kawai, sai ka gina randarka da kanka. mmap, wadda ke shimfiɗa fayil a ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar jeri, 'yar gidan nan ce. Tana da daɗi, sai dai in wani ya rage tsawon fayil kana tsaka da karatu, Linux za ta kashe manhajar da SIGBUS ba sallama.

Abin da zaɓin hanya bai warware ba

Ko ka samu lamba mai gaskiya, tsugunne ba ta ƙare ba, saura yaushe da ina za ka ajiye ta. Ka ajiye gurbi kafin ka shigar da rikodi, wuta ta ɗauke a tsakani, ka yi asarar rikodi. Ka shigar da rikodi kafin ka ajiye gurbi, ka maimaita shi. Tazarar ƙarama ce, amma wanda ke aiki inda ake ɗauke wuta sau da yawa a rana zai faɗa cikinta wata rana. In inda kake zuba bayanan rumbu ne irin SQLite ko PostgreSQL, amsar mai sauƙi ce: yi ɗan tebur na gurbi a cikin rumbun, ka sabunta shi a cikin ma'amala ɗaya da rikodin, su shiga tare ko su fasa tare. Ba sai kowane layi ba; tara 1,000 ka rufe su da gurbinsu a lokaci guda. In kuwa dole sai a wani fayil daban, rubuta a na wucin gadi, ka kira fsync don rubutun ya sauka a faifai, sannan ka sauya masa suna ya hau kan tsohon, a Python da os.replace. Rubutu kai tsaye a kan tsohon yana iya barin ka da fayil fanko. Sannan ka ba kowane rikodi lambar da ba ta maimaituwa, don ko an sake kawo shi rumbu ya ƙi karɓa.

Gurbi kuma ba shi da ma'ana sai da fayil ɗin da aka auna shi a kai. In sakataren ƙungiya ya buɗe CSV ɗin da daddare ya gyara sunan mutum ɗaya a sama, ya mayar da Danladi ya zama Ɗanladi, duk abin da ke ƙasa ya matsa da bayit guda. Don haka nake ajiye girman fayil da lokacin gyaransa na ƙarshe da zanen yatsan farkonsa, wato lambar shaida da ake lissafowa daga bayit ɗinsa na farko, tare da gurbin. In ɗaya ya saɓa, manhajar ta tsaya ta tambaya. Masu bin fayilolin rahoton sabar sun daɗe da sanin wannan: logrotate, mai juya irin waɗannan fayiloli, yana sauya wa fayil suna ya buɗe sabo da tsohon sunan, shi ya sa Filebeat, mai kwashe rahotannin, ke ajiye shaidar fayil tare da gurbi, shi ya sa kuma tail, mai bin ƙarshen fayil, ke da -F daban da -f. A irin fayil mai ci gaba da girma, kada ka ƙirga layin ƙarshe in bai ƙare da 0A ba, mai rubutun bai gama ba tukuna.

Ga yadda nake raba su in an tambaye ni. Fayil ƙarami, ko matsattse da gzip: lambar layi. C ko Python a ɗanye, fayil a faifai, babu wani mai fassara a tsakani: tell, da nau'in lamba mai bit 64. Ma'aikata da yawa ko rikodi masu tsawo ɗaya: pread da 'yan uwanta. Duk sauran, musamman rubutun Hausa da zai ratsa Windows da Linux, ko Java da C# masu randa a waje: carbi a kan ɗanyen bayit. Abin da ban taɓa yarda da shi ba a kowane hali shi ne gurbin fayil na ƙasa alhali akwai randa a sama.

Ɗalibin ya sake rubuta nasa a yini ɗaya. Da ya kawo, na ce ba zan karanta ba sai ya ci jarrabawa. Muka haɗa fayil na gwaji mai manoma 10,000 a Windows, muka cika shi da Ƙanƙara da Ɗanmusa da Ƙofar Durɓi, muka sa ₦ a kowane layi, adireshi mai layi biyu a wasu, da bayit ukun nan na Excel a farko. Muka rubuta wata 'yar manhaja tana kashe tasa a lokacin da ta ga dama tana sake kunna ta, har sau 50, sannan a ƙirga abin da ke rumbu. Zagayen farko ya fito da 10,001. Ya zauna ya bi sawu har ya gano layin kanu ne yake shiga a matsayin manomi idan aka kashe ta kafin ta rufe dubun farko.

"Malam, saura a zare soket ɗin da gaske?" ya ce.

Na ce ya bari, ƙarfe huɗu ta kusa, za a zare mana.